Yadda Na Kai Makaɗi Furom Ɗin Rahinatu

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da na so in manta, domin yaran unguwarmu Tishigu, nan Tamale, sun ajiye mini ita a wayoyinsu. Har yau in na ɗaga murya a wurin aiki sai in ga wani ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na san abin da ya tuna.

Ni fita ne, gyaran moto nake yi, wato babur, kusan shekara talatin hannuna na cikin baƙin mai. Boko rabi na yi shi. Ina aji biyu a sakandare mahaifina ya rasu, aka ce Auta ya dawo gida ya kama sana'a, na dawo. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, yau wasunsu onarebul ake ce musu, suna wucewa ta gaban rumfata gilashi a rufe. (Akwai wanda ni nake yi masa lissafi a aji. Ba zan kama suna ba, ya san kansa.)

A zamaninmu ba a san wani abu furom ba. Rawar bankwana ake yi wa masu fita, a ɗakin cin abinci, a ture tebura gefe a kunna faifai. Shekarar da 'yan ajinmu suka gama, wani tica ya ba ni gyaran motonsa, na kai masa makaranta da yamma, ashe ranar ce ake rawar. Na je bayan ɗakin na tsaya a taga da kayan aikina, ina leƙe ta tsakanin gilasan. Na fi awa a tsaye. Da wani ya hango ni ya ɗaga mini hannu, sai na duƙe kamar ɓarawon kaza na sulale. Wannan labarin na ba 'ya'yana shi ya fi sau ɗari. Duk wanda ya yi nauyin tashi makaranta, labarin taga zai sha da safe maimakon koko. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Rahinatu ce 'yata ta fari, ita ce kuma ta fara kai sakandare ƙarshe a gidanmu, a wata makarantar kuɗi da ke hanyar Gumani. Da suka gama jarrabawa sai na fara jin furom, furom a tsakar gida. Na tambayi matata Memunatu mene ne kuma wannan. Ta ce liyafar bankwana ce, a wani ɗakin taro za a yi, daga la'asar zuwa isha'i, ticoci na nan suna sa ido. A ci abinci, a yi hotuna, a ɗan taka rawa.

Na ce, "Bidi'ar masu kallon talabijin."

Ta ce, "To Malam, a hana ta ke nan?"

Ban ce a hana ta ba. Abin da ya sa kuwa, na riga na ga katin a kan firji. Turancina bai mutu duka ba, na karanta: ɗaliba da baƙo ɗaya. Na sake karantawa. Baƙo ɗaya. To wane baƙo yarinya take da shi a duniya wanda ya wuce mutumin da ya shekara uku yana durƙushe gaban moton mutane don ta zauna a aji? Ban gaya wa kowa ba, na je kasuwa na sa aka ɗinka mini batakari sabo, rigar nan ta Dagomba, saƙar hannu, mai nauyi, irin wanda in ka juya yake buɗewa kamar lema. Na ɓoye shi a shago cikin leda, sama da inda mai zai taɓa shi. Na zauna jiran a gayyace ni.

Sati uku ina jira. Na yi ta jefa magana ko za ta ɗauka. Wata rana muna cin tuwo na ce, "Asabar ɗin nan ta sama ba ni da wani aiki sosai."

Rahinatu ta ce, "To Baba, sai ka huta. Kana buƙata."

Wata ranar kuma na ga takalma masu tsini har ƙafa biyu a ƙofar ɗakinta, ɗaya ya fi ɗaya girma. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi yaran yanzu ba su san zafin nema ba, na wuce.

Ana saura kwana uku na kasa daurewa, na tare Memunatu a kicin. "Wai wa za ta tafi da shi?"

"Ga ta can a ɗaki, tambaye ta mana."

"Ni zan tambayi 'yar da na haifa wa za ta gayyata?"

"To kar ka tambaya." Ta ci gaba da yankan albasarta.

(Daga baya na gane ta sani sarai, alkawari aka sa ta yi na yin shiru. Amma ko da ƙyafta ido ai ta taimaki mijinta. Wannan maganar har yau ba mu gama ta ba.)

Na koma shago na yanke hukunci ni kaɗai. Ko dai kawunta ne, ƙanen Memunatu mai aikin banki, wanda ko suna ya zo da taye yake zuwa, ko kuma wani yaro ne mai askin banza. Ko wanne ne, ma'anar ɗaya ce: yarinya ta dubi farcena, ta ga baƙin da sabulu ya gaji da shi, ta ce wannan ba zai shiga hotona ba. Ban yi barcin kirki ba. Ba na jin akwai abin da ya taɓa ci mini rai irin wannan tunanin, kuma ku lura, babu wanda ya faɗa mini shi. Ni na ƙera shi da hannuna, na ɗaura masa taya, na hau.

Washegari na je wurin yayata, Yaya Azumi. Ita mace ce da in ta ji biki a Kumasi za ta nemi dalilin dangantaka. Na ba ta labari yadda nake so ta ji shi. Ta ajiye carbinta.

"Auta, ban gane ba. Yarinya ta sauke karatu a ce dangi ba za su raka ta ba? Saukar allo ma da muka yi wa ɗan 'yar'uwarmu Hajara unguwa guda muka tasa. Balle wannan da ka zuba ƙarfinka?"

Na ce, "Abin da na gani ke nan, Yaya."

"Bar ni da su. Atamfar yayin bikin da ya wuce tana nan, ko wanki biyu ba ta sha ba."

Kafin magariba ta haɗa mata huɗu, duk da atamfa iri ɗaya. Ni kuma na hau moto na nufi unguwar Kukuo wurin Mba Yakubu, wani tsohon makaɗin Dagomba da nake yi wa gyara. Wanda bai zauna Tamale ba sai an yi masa bayani. Makaɗan nan masu gangar lunga a hammata ba kiɗa kawai suke yi ba, su ne ma'ajiyar asalin mutane. Da ya ga fuskarka ya san ubanka da kakanka, kuma ba ya iya wuce fuskar da ya sani. Dole ya tsaya a kanka ya kira sunan ubanka da ganga da baki, ko kana so ko ba ka so. A wurinsu girmamawa ce. Na san wannan tun ina yaro. Dalilin da ya sa ma na ɗauke shi ke nan, ina so a kira sunan mahaifina a gaban 'ya'yan masu gilashi a rufe.

Ya tambaye ni, "Masta, aure ne ko suna?"

Na ce, "Furom."

Ya ce, "To. Allah ya sa albarka." Bai san mene ne ba, ni ma da na faɗa ban sani ba.

Ranar Asabar Rahinatu ta fita tun azahar, wai za a yi mata kwalliya a gidan ƙawa. Bayan la'asar na saka batakarina, na karya hula, na goge farce da fetur har fata ta yi zafi. Ni a gaba kan moto, Mba Yakubu a bayana da gangarsa, yalo-yalo biyu, keke mai ƙafa uku ke nan, cike da mata suna biye. Mutane na ta ɗaga mana hannu a titi, suna zaton amarya za mu ɗauko.

A ƙofar ɗakin taron akwai wata madam, tica, da takarda a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba.

"Baba, iyaye ba sa shiga. Sai ƙarfe takwas ku zo ɗauka."

"Ni baban Rahinatu ne. Kati ya ce baƙo ɗaya."

Ta duba takardarta. "Baƙon Rahinatu ai ya riga ya shiga."

Da ta san abin da wannan maganar za ta yi mini da ta zaɓi wata. Na waiga na dubi Yaya Azumi, ita kuwa dama jira take. Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, Mba Yakubu ya matse lunga ya sake ta. Madam 'yar garin nan ce, ta san ba a tare makaɗin da ya riga ya fara. Ta matsa gefe tana cewa "Baba, don Allah, Baba," muka wuce ta.

Ciki an yi ado da balan-balan da ƙananan fitilu. Tebura zagaye da fararen ƙyallaye, samari cikin kwat suna zufa, 'yan mata cikin dogayen riguna, wasu da gyale wasu babu. Mai saka kiɗa ya ga ganga ta shigo sai ya kashe nasa. Wuri ya zama namu.

Zan faɗi gaskiya a nan, tunda na ɗauko ta. Na yi rawa, kuma na ji daɗinta. Na shiga tsakiyar fili na juya, batakari ya buɗe, Mba Yakubu na bina yana kiran mahaifina, yana kiran kakana da ya zo da goro daga arewa ya zauna a zango. Wasu samari suka fara tafi, wayoyi suka tashi sama. Na rufe ido. Kusan minti ɗaya, ni ne a cikin ɗakin, ba a taga ba. Shekara talatin ina bin wannan minti ɗin, ban san ina binsa ba sai da na same shi.

Da na buɗe ido sai na ga Rahinatu. Tana tsaye a wani tebur na gefe cikin shuɗiyar riga, ta yi kyau har na ɗan yi shakkar ko tawa ce. Ba fushi na gani a fuskarta ba, tsoro na gani. Tana girgiza mini kai a hankali. Ni kuwa na fassara shi da cewa kunyata ce ta kama ta, ga hujja ta fito. Na taka na karɓi makirfo a hannun mai saka kiɗa.

Na ce, "Salamu alaikum. Ni ne uban Rahinatu. Fita ne ni, ban gama makaranta ba, ba na ɓoyewa. An ce baƙo ɗaya, an zaɓi wani. Ba komai. Ina so kawai baƙon ya tashi tsaye, in ga wanda ya fi uban da ya haife ta."

Ina ta baza ido ina neman taye ɗin kawu. Sai wata yarinya da ke zaune kusa da Rahinatu ta miƙe a hankali, siririya, cikin riga ruwan goro da ta ɗan yi mata yawa a kafaɗa. Ta haɗa hannuwa a gaba kamar wadda hedimasta ya kira.

Ni ban gane ta ba, saboda kwalliya. Mba Yakubu ya gane ta. Kafin in yi wani motsi ya riga ya isa gabanta, ya ɗan rusuna, ya sauya kiɗa. Ya kira sunan mahaifinta, manomin Kukuo, ya kira kakanta, ya ce shi ya yi kiɗa ranar da aka yi sadakar mahaifin nan nata bara waccan, ya ce mai gona ya tafi ya bar gona. Aikinsa yake yi, kuma da kyau ya yi shi. Yaya Azumi ta matso kusa da ni tana leƙe, ta dafa ƙirji.

"Allah sarki, ai Fuseina ce. Mai kokon nan ta bakin titin Kukuo. Marainiyar Allah, ashe ana barinku ku shigo?"

Makirfo na hannuna, a kunne, daidai bakinta. Duk lasifikokin ɗakin suka maimaita.

Sai a lokacin kaina ya haɗa lissafi. Fuseina ƙawar Rahinatu ce tun aji ɗaya, ta sha zuwa gidanmu da yunifom. Suna aji biyu mahaifinta ya rasu, ta bar makaranta ta kama tukunyar kokon uwarta. Takalmi ƙafa biyu. Yarinyar ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta sunkuya ta cire takalman nan masu tsini, ta riƙe su a hannu, ta ratsa tsakanin teburan 'yan ajinsu ta fita.

Rahinatu ta zo gabana. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Baba, sati uku ina roƙonta. Na yi mata rantsuwa babu wanda zai tayar da maganar babanta ko ta koko."

Ta zare makirfo daga hannuna kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun ƙaramin yaro, ta mayar wa mai shi.

Ban san yadda na fito ba. Na dai san batakarin ya yi mini nauyi kamar an jiƙa shi. Na sallami Yaya Azumi da matanta (tana ta tambaya wai ba za a ba su ko jalof ba), na sa yalo-yalo ya sauke Mba Yakubu a gida. Tsohon ya riƙe hannuna ya ce, "Masta, na yi kuskure ne?" Na ce a'a Mba, kai kam daidai ka yi.

Na zaga bayan ginin don kar in haɗa ido da madam. A can na tarar da Fuseina zaune a kan dakalin siminti, takalma a cinya. Saman kanta taga ce, an sake kunna kiɗa a ciki, fitilu na wulgawa a gilashi. Na zauna a ɗaya ƙarshen dakalin. Ana ta kiran magariba a masallatan unguwar.

Na ce, "Fuseina, na yi miki laifi. Ban san ke ba ce."

"Ba komai, Baba."

"Da komai. Tashi ki koma ciki, ni na tafi, ba za ki sake ganina ba."

Ta yi ɗan murmushi tana kallon ƙasa. "Rahina ta ba ni labarin tagarku. Da shi ma ta ci ƙarfina. Ta ce babanta har yau bai warke ba, ita ba za ta bari ni ma in tsufa da irinsa ba."

Labarin da nake dukan yara da shi don su tashi makaranta, ashe ɗaya daga cikinsu ta saurara da gaske.

Can ta ce, "Baba, in tambaye ku? Ranar da kuka tsaya a tagar, bayan an gan ku, da wani ya fito ya ce ku shigo, za ku shiga?"

Na yi tunani, don tambayar ta cancanci gaskiya. Na ce, "A'a."

Ta ce, "To."

Muna nan zaune sai ga Rahinatu ta zagayo, ta tattare rigarta da hannu ɗaya, ɗaya hannun da gwiwar hannu tana tallafe da farantan jalof da kaza. Ta zauna tsakaninmu, ta juya mini baya kaɗan. Faranti biyu ta kawo. Mu uku ne. Suka ci abincinsu a ƙarƙashin taga, suna jin kiɗan furom ɗinsu ta bango, wani lokaci Fuseina ta ce wannan waƙar tana sonta, Rahinatu ta ce ita ma. Ba wadda ta koma ciki. Ni na je na yi sallah a wani masallaci na kusa, na dawo na tsaya nesa har suka gama, na tare musu yalo-yalo, na bi su a baya da moto har Kukuo.

Kafin gari ya waye bidiyon ya gama Tamale. Sun yanke wurin Fuseina, wannan kam na gode wa yaran, rawar kawai suka bari da jawabin. Yanzu Baba Furom ake ce mini daga Tishigu har Gumani. Wani cikin onarebul ɗin nan ma, wanda ya shekara ashirin bai gaishe ni ba, ya sauke gilashi a gaban rumfata ya ce, "Masta, ashe ka iya juyi haka?" Ka ji abin da ya sa aka tuna da ni.

Rahinatu ta yi kwana goma sha tana gaishe ni gaisuwar maƙwabta. Ran nan da safe ta kawo mini shayi shago, ta tsaya tana kallon batakarin da na mayar cikin ledarsa. Na daure na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tambaye ta.

"Rahina, tsakaninki da Allah, kina jin kunyata?"

Ta ce, "Ban taɓa ji ba, Baba. Sai ranar." Ta ajiye kofin. "Da ka tambaye ni ai da na gaya maka."

Fuseina har yanzu tana sayar da kokonta. Nakan bi ta can da safe ko da ba hanyata ba ce, ta gaishe ni, in amsa, ba ma tayar da zancen. Ba zan ce ta yafe ba, ba zan ce ba ta yafe ba, ban da hurumin tambaya. Abin da na sani, yarinyar nan dama ɗaya aka samo mata ta shiga ɗakin, ni da na fi kowa sanin zafin tsayuwa a waje, ni na fito da ita, don in sami minti ɗaya na juyi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, dama ni ba mai dogon karatu ba ne. In kati ya ce baƙo ɗaya, akwai yiwuwar ba kai ba ne, kuma ba lallai don an raina ka ba. In kuma kana da tambaya ga 'yarka, tana ɗaki na gaba, taku biyar ne. Ka je ka yi ta da bakinka. Kar ka tafi Kukuo ɗauko makaɗi.